Fulogi na Huɗu a Motar Malam

Ranar wata Asabar ƙanena ya bugo waya daga Anka ya ce matarsa ta sauka lafiya, an sami namiji. Kafin in gama yi masa barka, Inna ta riga ta yanke hukunci daga bakin ɗakinta: za ta je suna, kuma a motar Malam za ta je. Malam shi ne mahaifinmu. Shekara biyar ke nan da rasuwarsa a lokacin, kuma ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, ko yana raye ko bayan ransa.

Motar tsohuwar 'yar Jamus ce mai shan dizal, ni na gaje ta. In ta tashi ba ta da na biyu, amma tashin ne aiki. Kowace safiya sai na tara maƙwabta sun tura ni har bakin titi, har mutanen unguwarmu a Gummi suka koyi saurin barin masallaci da asuba in sun hango ni da makulli a hannu.

Inna ta ce, "Ba a tura motar Malam gaban surukai. In ba ta tashi da kanta, ni ko ba ni zuwa."

Na san halinta. In ta faɗa ta zauna.

Na je na ɗauko wani dattijon makanike da ya yi zamani da manyan motoci, ya dawo gida yana gyara wa manoman shinkafa injin ban ruwa a fadama. Baba nake ce masa. Ya buɗe gaban motar ya nuna mini wasu ƙarafa huɗu masu tsawon ɗan yatsa da aka ɗaure a jikin inji. Su ne fulogin hita, masu ɗumama cikin inji da safe don man ya kama. A irin wannan tsohuwar mota a jere aka haɗa su, in ɗaya ya mutu duk sun daina aiki. Uku suka kwance ba gardama, ya gwada su ya mayar. Na huɗun, wanda shi ne mataccen, ya ce ƙafarsa ƙafar injin. Tsatsa da baƙin hayaƙi na shekaru sun riƙe shi gam.

"Baba, a ƙara ƙarfi mana," na ce.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Malam, wanga abu in yak karye ciki, sai an ɗebe kan inji an kai Gusau. Sati biyu ba ka ga motarka ba. Suna yaushe na?"

"Asabar."

"To muna da kwana shidda. Ka aje zuciyarka gida."

Ga yadda aikin ya kasance. Da safe a tura motar in zaga gari har inji ya yi zafi. In dawo, ya ɗiga man birki gauraye da kananzir a gindin fulogin, mu zauna a inuwa yana ba ni labarin hanyar Legas. Can sai ya tashi ya ɗauki wata 'yar sifana da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, ya ɗan matse, ya ɗan sassauta, ya ajiye. Shi ke nan aikin yini. Ni malamin makaranta ne, na saba in faɗi abu a yi shi nan take, kuma gaskiya ina da saurin fushi. Kallon dattijon nan yana lallashin ƙarfe kamar mai lallashin amarya ya kusa fasa mini kai.

Ranar Talata da rana, bayan ya tafi, na kasa haƙura. Na samo bututun ruwa mai tsawon kamu biyu na zura a hannun sifana, na kafa ƙafa a taya, na fara ja. Sai na ji wata 'yar ƙara siririya, ƙiii, wadda ta sa gabana ya faɗi. A daidai lokacin aka dafa kafaɗata.

"Miƙo min shi."

Inna ce, da carbi a hannu. Ina da shekara arba'in da shida a lokacin, da furfura a gemu, amma na miƙa mata bututun kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

"Rabin ɗiyan unguwag ga ni nik karɓi haihuwarsu," ta ce. "Ban taɓa jan wani da ƙarfi ba. Kai kanka kwana biyu ka sa ni jira, wa yaj ja ka?"

Ta wuce da bututun ɗakinta ta tura shi ƙarƙashin gado. Washegari Baba ya duba kan fulogin, ya ga gefen da na ɗan cinye, sannan ya ce, "Sauri ya haifi nawa." Allah ya taimake ni bai karye ba, amma kunyar da na ji ta ishe ni.

Alhamis babu motsi. Na fara tunanin yadda zan gaya wa ƙanena cewa Inna ba za ta zo ba, kuma ni ne sanadi. Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba ya zo da babbar rigarsa, ya naɗe hannunta, ya ɗora 'yar sifanar ya yi bismilla. Ya matse, ya sassauta. Sai na ga hannunsa ya wuce inda yake tsayawa kullum. Bai yi murna ba, ya mayar baya, ya ɗiga mai, ya sake. Kusan awa guda yana gaba yana baya kafin abin ya zame ya faɗo tafin hannunsa, baƙi ƙirin, kansa ya kumbura. Na yi kabbarar da ta kori kajin gidan. Kafin magariba ya ɗaura sabo a gurbinsa.

Asabar da asuba maƙwabta suka fito masallaci suka tsaya, wannan karon da kansu, suna naɗe hannun riga. Na murɗa makulli rabi, na ƙirga goma kamar yadda Baba ya koya mini, na ƙarasa. Ta tashi bugu ɗaya. Wani dattijo ya ce ashe yau an sallame su daga aiki.

Inna ta zauna a kujerar baya, gefen da take zama tun Malam na tuƙi. Muka ratsa ƙasar Bukkuyum tana jan carbi. Mun isa Anka ana shirin raɗa suna. Na zauna cikin maza a ƙofar gida, sai na ji an faɗi sunan mahaifinmu. Ƙanena bai gaya wa kowa ba. Idona ya cika, na sunkuyar da kai.

Da na shiga cikin gida na tarar an miƙa wa Inna jaririn, mata sun kewaye ta suna tsokana.

"Inna, ga angonki. To yau sai mu ji, da wane suna za ki kira shi?"

Ta daɗe tana kallon fuskarsa. Ta goge ido da bakin mayafi, ta yi dariya.

"Mai mota," ta ce. "Tashi ka gani, na kawo maka abarka, kuma ba wanda yat tura ta."