Wayar da Na Binne a Rumbun Gwaggo Hansai

Jama'a, abin nan da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji ba, a kaina ya faru, kuma wallahi da ƙarya zan shirya da na shirya wadda za ta fito da ni da mutunci, ba wannan ba. Shekaru ke nan da suka wuce, a ƙauyenmu da ke gefen Minjibir, cikin wata damina da aka shiga matsi, kwanon gero ya fi ƙarfin magidanci, shinkafa kuwa sai dai a hango ta a gidan biki.

A lokacin ina da ɗan teburin cajin waya a bakin masallaci, da farantin sola guda ɗaya. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma na taɓa zaman sati biyu a shagon wani mai gyaran waya a birni, ina yi masa shara ina kallon hannunsa, da na dawo sai na ce kowa ya riƙa kirana Injiniya. Ilmin nawa kuwa uku ne kacal: in kashe waya in kunna, in cire batir in hura in mayar, in sa tsinken ashana in sakace ramin caji. Abin mamaki, yawancin wayoyin da wannan suke tashi. Wadda ta ƙi tashi sai in girgiza kai in ce, "Ai sanyi ne ya shige ta." Allah ya yafe mini.

To ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, Gwaggo Hansai, mai man gyaɗa da ƙuliƙuli. Da guminta ta sayi wata 'yar gona a bakin fadama, amma da yake ba ta fita, mijinta Baba Ado ne ya je ya yi cinikin, ba takarda ba komai, mutane duk suka ɗauka tasa ce. Da ciwon ajali ya kama shi sai ya sa aka kira ni, ya miƙo mini wayar Gwaggo ya ce, "Injiniya, zo ka ɗauki maganata a wayar nan." Na danna, ya yi tari sau biyu, ya ce gonar fadama tun daga ɗorawa har layin gamba ta Hansai ce, ba ta cikin gado, ya rufe da cewa, "Allah ne shaida." A nan na tsayar, da yatsana. Ku riƙe wannan. Maganar na haddace ta kamar karatun allo, don bayan rasuwarsa duk Juma'a sai Gwaggo ta sa na kunna mata.

Tana fita takaba, ƙanin marigayin, Sale, ya ce atafau gonar fadama a saka ta a rabon gado. Gonar nan kuwa ita ce cinta ita ce shanta. Mai unguwa ya ce ranar Alhamis bayan azahar zai zo da liman a ji abin da ke cikin waya, a kashe magana.

Ran Litinin Gwaggo ta aika aka kira ni. Ta ce, "Ɗan nan, wayar nan ta fara nawa, in ka danna sai ta tsaya tunani kamar jakin da aka yi wa lodi. Duba mini ita, kar ta ba ni kunya gaban mutane." Na kashe na kunna, na cire batir na hura, na sakace ramin caji, tana nan yadda take. Yanzu na san ciwon ba wani babba ba ne, cika ta yi da hotuna da bidiyon da aka yi ta tura mata, a rage su shi ke nan. Amma matan maƙwabta sun taru suna kallona, wata har tana cewa, "Kai, Injiniya akwai kai," sai kaina ya kumbura, na kutsa can cikin wayar inda ban taɓa shiga ba, na tarar da wani dogon Turanci, na danna. Ta tambaye ni, na ce e. Ta sake tambayata, ni a wautata na ɗauka ladabi take yi mini, na sake cewa e.

Ta ɗauke, ta dawo, tana gudu kamar sabuwa. Sabuwar ce kuwa! Ba lamba, ba hoto, ba Baba Ado. Kuma ba memori a cikinta balle in ce wani abu ya tsira. Innalillahi! Gumi ya karyo mini har cikin kunne.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya, amma sai na kashe ta na girgiza kai na ce sanyin damina ne ya shige ta, a birni cikin shinkafa ake binne irinta kwana uku ta tsotse danshin. Gwaggo ta kalle ni ta ce, "Shinkafa? Ɗan nan, da ina da shinkafa ai ni zan shiga ciki in kwanta." Na ce gero ma yana yi, har ya fi. Ta auno gero a ƙwarya daga ɗan abin da ya rage mata, na tura wayar ciki, muka sa a rumbu saboda kaji. Batirin kuwa na zare shi na jefa a aljihuna, don kar wani ya kunna asirina ya tonu. Dabarata ita ce ran Alhamis in ce sanyi ya riga ya cinye komai, ƙaddara ce. Ku ji fa, gonar baiwar Allah zan sallama don kar a daina ce mini Injiniya.

Alhamis ta zo, bayan azahar, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida kusa da rumbun. Ga mai unguwa, ga liman, ga Sale ya karkace hula, Gwaggo tana daga bakin ɗakinta. Sale ya ce, "To Injiniya, ina shaidar taku? Ko wayar ma takaba ta shiga?" Mai unguwa ya ce in ɗauko. Na miƙe, na sa hannu a aljihu, na buɗe baki zan fara zuba ƙaryar da na kwana uku ina gyarawa.

Sai aka yi tari a cikin rumbu. Sau biyu.

Liman ya ce, "Wa kuka sa a ciki?" Kafin ya rufe baki muryar ta riga ta fara, kuma da yake rumbun ya kusa zama wayam sai ta fito da kauri kamar a lasifikar masallaci: gonar fadama, tun daga ɗorawa har layin gamba, ta Hansai ce. Wallahi tallahi muryar Baba Ado ce, har da ɗan jan numfashin nan nasa. Sale bai tsaya jin gamba ba, ya haura danga ya bar takalmi ɗaya da hula. Mai unguwa ya yunƙura zai tashi, ashe liman ya take masa bakin riga, suka koma tare suna salati. Gwaggo kaɗai ce ba ta motsa ba, ta ce a hankali, "Sannu Malam," ta ja mayafi ta rufe fuska.

Aka zo "Allah ne shaida," inda na san maganar ta ƙare. Har na fara sauke numfashi, sai muryar ta ƙara da cewa, "Kai kuma mai danne-danne, abin da ba ka sani ba, ka tambaya."

Jama'a, wannan ban ɗauka ba. Ni na riƙe wayar ranar, ni na tsayar. Kuma batirin yana cikin tafin hannuna a aljihu, ya yi ɗumi kamar ƙwan da aka tsamo daga tukunya. Nan take na durƙushe gaban kowa na zayyane duk abin da na yi, ina kuka ina majina. Liman ya yi ta maza, ya yi addu'a ya leƙa rumbun ya ɗauko ƙwaryar, aka tono waya, ga ramin batir nan fayau. Gwaggo ta ce, "Ai tun ran Litinin na san ka yi ɓarna, fuskarka ta yi irin ta akuyar da aka kama a gonar mutane. Jira nake in ga ko za ka faɗa da kanka." Wannan ta fi muryar rumbun yi mini ciwo.

Bayan la'asar Sale ya dawo neman takalminsa, ya tsaya daga waje ya ƙi shigowa, ya ce a shaida gona ta Hansai ce, shi da ma wasa yake. Geron ƙwaryar kuwa, duk yunwar da ake ciki ba wanda ya yarda ya ci. Gwaggo ta aika wa Sale da shi sadaka, ya dawo da shi a guje.

Daga baya na kai wayar birni wajen maigidana na da, ya jona ta da kwamfuta ya bincika, ya ce ba komai a ciki, an share ta tas, ya tambaye ni wane jakin ne ya yi wannan aiki. Na ce wani ne a garinmu. Kun ga har a nan sai da na ƙara wata ƙaryar, astagfirullah. Wayar ba ta sake magana ba har ta lalace, kuma har yau ba wanda ya iya gaya mini abin da ya faru.

Shawarata gare ku, duk abin da kuka san ba shi da madadi a waya ko kwamfuta, ku sa a ajiye muku shi wuri biyu. In na'ura ta tambaye ku abu har sau biyu, ku janye yatsa ku nemi wanda ya iya karantawa. Kuma ku koyi cewa "ban sani ba," ba ta kashe kowa. Ni dai na ajiye sunan Injiniya tun ranar, amma har gobe in na bi ta bayan rumbu na ji an yi tari, ko da tunkiya ce, sai na ji hannuna ya tafi aljihu da kansa.