Mai Sikeli da Muryar Kaka

Shekara talatin da biyu Mai Sikeli ya yi yana gyaran ma'auni a wata 'yar rumfa bayan kasuwa, kuma bai taɓa amincewa da abin da idonsa bai ga ya daidaita ba. Ko shayi aka zuba musu shi da baƙo, sai ya sunkuya ya dubi kofunan biyu ta gefe kafin ya kurɓa. Da girma ya zo ya bar rumfar, sai ya waiwayi wani tsohon burinsa, wato haɗa waƙa. Ya kwashe tarkacen ɗakin ajiya, ya manna kwalayen ƙwai a bango, ya jingina tsohuwar katifa a bayan ƙofa, ya kafa makirufo kusa da kwamfuta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa wata manhaja ce mai daidaita sauti. Akan ba ta waƙar da aka yarda da kyanta, ta saurara, ta zana layin da ke nuna yawan amo mai kauri da siriri a cikinta. Sa'an nan a ba ta wadda ake gyarawa, ta yi ta ƙari nan da ragi can, har layukan biyu su kwanta a kan juna. Waƙa ɗaya tak ya zaɓa ta zama abin gwajinsa, wani kiɗan rawa mai manyan ganguna da ke girgiza taga. A ganinsa, mai ma'auni biyu macuci ne.

Ana nan sai 'yarsu, wadda ke zaune a gari mai nisa, ta haifi mace mai ƙin barci. Ta roƙi mahaifiyarta ta aiko mata da waƙar rainon da ta riƙa rera musu suna ƙanana.

Matar Mai Sikeli ta tsaya gaban makirufo tana gyara ɗankwali kamar za a ɗauke ta hoto. "Malam, jikata ba ta taɓa jin muryata ba. Amana na ba ka."

"Uwar yara, ni da na daidaita sikelin mahauta, muryarki ce za ta gagare ni?"

Ta rera da 'yar muryarta mai zaƙi, ta koma wajen girkinta. Shi kuwa ya gwada waƙar da kiɗan rawan nan, ya kashe sifika, domin kunne, in ji shi, yana da son kai, amma layi ba shi da dangi. Da layukan suka haɗu, ya aika ba tare da ya saurara ba.

Washegari da hantsi 'yar ta kira. "Baba, wane ne wannan mutumin?"

"Wane mutum? Mahaifiyarki ce."

"Maigidana cewa ya yi babbar mota ce ke hawan tudu da lodin siminti. Amma fa, Baba, tun baitin farko yarinya ta yi barci."

Matar ta karɓi wayar ta saurari kanta. Ta shiga ɗaki ta sake rerawa a wayarta, ta aika. Amsa ta zo cewa jaririyar ta ji, ta tsala ihu, sai da aka mayar mata da ƙaton nan mai muryar babbar mota.

Bayan wata biyar 'yar ta kawo musu ziyara. Da lokacin barcin rana ya yi, ta laluba waya, sai kakar ta riƙe mata hannu. "Ina raye, a cikin gidana, ba za a kunna wannan ƙaton ba." Ta rungumi jikarta ta soma waƙa. Yarinyar ta dube ta kamar baƙuwa, ta fashe da kuka.

Mai Sikeli na tsaye a bakin ƙofa, ya ga idon matarsa ya kawo ruwa. Nan ya gane cewa ya ɗauki jikarta ya ba wani mutumin da ba a taɓa haihuwa ba. Ya fita tsakar gida, ya zubar da ruwan da ke cikin duro, ya gangaro shi har gaban gado.

"Sa kanki ciki ki rera."

"Malam, tsufa ne ya fara taɓa ka?"

"Ki dai gwada."

Kuka ya ƙi tsayawa, dole ta durƙusa ta cusa kai. Muryar ta fito da ruri har kofuna na rawa a kan tire. Yarinyar ta yi tsit, ta yi hamma, ta lumshe ido.

"Gobe ki fito da kan da faɗin yatsa biyu," in ji shi cikin raɗa. "Jibi a ƙara biyu."

Haka aka yi ta yi, shi yana durƙushe da alli yana sa alama a ƙasa, 'yar tana toshe baki da gyale. Ran kwana goma sha ɗaya kakar ta rera a zaune a bakin gado, babu duro a kanta, yarinyar ta yi barci riƙe da ɗan yatsanta.

Ya buɗe baki zai yi bayani.

"Fitar mana da wannan abin," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Ka ja ƙofa a hankali."