Akuyar Gwaggo Tabawa da Ƙwayar Lokotoro

Ku da kuka san Gwaggo Tabawa, ƙanwar babana, kun san in ta kwance kallabi ta ɗaure ƙugu da shi, to wani zai sha faɗa a Dakoro. Har maigari yakan canza hanya!

Shekarar da ta fi ɗaure shi ita ce wadda wani lokotoro, wato likita, Nasara ya sauka garinmu da sabuwar ƙwaya, wai tana kwantar da bugun zuciya, ta sa barci. Ashe shi kansa bai san aikinta ba, gwaji ya zo yi. Da dabbobi ya fara. Gardawa, dogaran Nasara, suka bi gida-gida, suka ja jar akuyar Gwaggo tana can rijiya, ba sallama, ba neman izini. Da aka maido ta sai tangaɗi take, nono ya ƙafe. Gwaggo ta saɓa ta a kafaɗa har ofishin kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ta dire masa.

"Akuya mai kunya kuka ɗauka," in ji ta, "kun maido mini da ƴar giya!"

Wallahi da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Sai aka koma kan mutane! Aka tara tsofaffi a rana, ana tura masu ƙwaya a baki, babu wanda aka tambaya ko yana so. Mijinta, Baba Ila, mai yawan faɗuwar gaba, yana cikinsu. Mutumin da ke noma gonarsa shi kaɗai, sai ga shi yana barci cikin sujada, hannu na rawa. Gwaggo ta ja akuyarta, ta faɗa wa lokotoro har cikin rumfarsa.

"Tambaye shi," ta ce da tafintan lokotoro, "garinsu babu awaki ne? Babu tsohhi? Shi hwara ba uwatai mu gani!"

Tafinta ya yi ƙasa da murya, ya yi ɗan Faransancinsa. Nasara ya yi murmushi ya yi godiya, ya ce, "Marsi, madam."

"Marsi? Kai, ɗan nan, mi ka ce mishi? Zaginai na yi! Koma ka hwaɗa mishi daidai!"

Da tafinta ya faɗa daidai, sai aka ce a kulle ta. Gardin da aka ba aikin kuwa ita ta yanke masa cibi. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Audu, ni ka kamawa? Na ganka ba wando, kana ihu kamar ɗan tsako. Riƙe mini akuya in gyara zane."

Haka ya rako ta gida, yana jan akuya, tana gaba tana zazzaga masa. Washegari ta bi gidajen tsofaffin nan ɗaya-ɗaya, kowa ta koya masa ɓoye ƙwaya a kunci ya tofar bayan danga. Lokotoro ya yi ta mamakin yadda maganinsa ya daina sa barci, har ya tattara ya tafi. Ko ban haƙuri bai ba kowa ba.

Akuya ta warware. Baba Ila kuwa hannunsa bai sake riƙe hauya ba. Gwaggo ce ke ba shi fura a baki da ludayi, tana mita: "Buɗe baki mana, ka buɗe wa Nasara, ni za ka ƙi?" Sai ta juya ta share ido da gefen zane, tana tsammani ba mu gani ba.

Allah Ya jiƙan Gwaggo da Baba Ila, Ya sanyaya masu makwanci, Ya haɗa su a gidan da babu ciwo. Amin.