Safar besbol daga Kano

Jiya bayan La'asar muka buɗe kwalin saƙonmu daga Kano a filinmu na unguwar Al-Sulay.

Ni ne ma'ajin 'yar ƙungiyar besbol ta yaranmu a Riyad, da karo-karon iyaye muke tafiya. Safar fatar da ake cafe ƙwallo da ita ta yi mana tsada a nan, sai muka kwashe abin da ke asusu muka aika wa Baba Tanko, wani baduku a Kano.

Ɗinki ya yi kyau, ba ƙarya. Amma duk na hannun dama ne, alhali a hagu ake sa ta, a yi jifa da dama.

Na kira shi na ce, "Baba, ai hoton da na turo na hagu ne."

Ya ce, "Na gani, ɗana, gyara muku na yi. A ƙasa mai tsarki za ku koya wa yara karɓar abu da hagu?"

Godiya na yi masa. Asusu dai babu ko riyal, amma tarbiyya ta iso lafiya.

Jama'a, in ku ne, me za ku faɗa wa iyayen?