Mai Itace a Ƙofar Sabon Bene

A shekarun baya, hayaƙin murhu kan lulluɓe wannan unguwa ta birnin Coyhaique duk hunturu. Yanzu doka ta sa ana ɗumama sababbin benaye da injin da ke zuƙo zafin ƙasa.

Wani dattijo yana tsaye gaban ɗayansu da amalanken itace, hannuwansa duk kanta. Yana ɗaga kai yana neman bututun hayaƙi. Da alama da shi ya saba gane gidan da zai yi ciniki tun yana saurayi.

"Baba Eleuterio, wuyanka zai ƙage," in ji mai gadin benen. "Nan ko ashana ba ma ƙyastawa."

"To, a ji ɗumi lafiya," ya amsa cikin tari.

Har yau ba wanda ya faɗa masa sana'ar da zai koma.