Wanda Ke Yi wa Garzali Magana

Falmata 'yar unguwar Mafoni ce, a babban birnin Borno. A can aka haife ta, a gidan mai sayar da busasshen kifi, kuma a bakin titi ta koyi Hausa, domin cikin gidansu Kanuri ake yi. Da ta gama sakandare ta auri Kashim, direban motar haya, suka kama ɗaki ciki da falo a unguwar Fezzan. Suna da 'ya ɗaya, Ammatullahi.

A waya take rubuta littattafanta na soyayya, shafi-shafi, tana sakawa a wani guruf na WhatsApp da mata suka cika maƙil. Maƙwabciyarta Kezia, malamar firamare 'yar kudancin Borno, ita ke riƙe da guruf ɗin, ta shigar da wadda ta ga dama, ta kori mai rashin kunya. Abin da ya fi jan matan shi ne samarin littafin. Kullum sai wata ta rubuto, "Ya Falmata, don Allah a wace unguwa ake samun irin mazan nan?"

Amsar tana zaune a kan tabarma, tana cin burabisko: mijinta Kashim. Falmata ba ta taɓa rubuta maganar namiji da kanta ba. Takan rubuta ta mace, ta bar gurbi, sai Kashim ya dawo daga hanya ta ajiye masa abinci, ta zauna gefensa da waya.

"Baban Amma, yarinyar ta ce, 'Ban yarda da kai ba, tashi ka tafi.' Me zai ce mata?"

"Shi saurayin ya ci abinci?"

"Don Allah ka bari."

"To ai da yunwa ba a iya magana, Malama marubuciya." Sai ya kai loma, ya tauna, ya ɗaga kai yana kallon kwanon rufi. "Ya ce mata, 'Zan tafi, amma takalmina na ƙarƙashin tabarmar, kuma ke kika zauna a kai.'"

Ta buga yadda ya faɗa, ko wasali ba ta canzawa. Haka suka yi littafi biyar. Ban da Kezia, da katanga kawai ta raba su, babu wanda ya sani.

Suna tsakiyar na shida aka tare motar Kashim a hanyar Damboa. Fasinja biyu suka tsira. Shi aka kawo shi a bayan akori-kura, an rufe shi da tabarmar wani.

Littafin ya tsaya a inda yake. Saurayin, Garzali, ya dawo bayan doguwar tafiya, ya yi sallama a ƙofar gidan su Najiba, ta fito ta ce, "Me ya dawo da kai?" Ƙarƙashin wannan layin babu komai.

Da ta fita takaba ta gwada. Ta rubuta, "Ke ce hasken zuciyata," ta karanta da ƙarfi, ta goge. Ta kira ƙanenta Sa'id, ɗan jami'a, ta zaunar da shi a kan tabarma, har abinci ta zuba masa.

"Ta ce me ya dawo da kai. Amsa mata."

Ya gyara murya. "Ruhina ne ya kasa numfashi, ya tauraruwar..."

"Tashi. Tafi da kwanon, ka ƙarasa a waje."

Daga nan ta daina buɗe guruf ɗin. Ta koma haɗa turaren wuta tana kai wa masu shago. Wata gwaggonta ta ce gara haka, macen da mijinta ke kabari ba ta da abin faɗa a kan soyayya. Falmata ba ta musa ba. A ranta ta riga ta yanke cewa dama can ita ba marubuciya ba ce, mai buga wa wani magana ce, kuma mai maganar ya tafi.

Matan guruf da farko sun yi ta'aziyya. Da aka kwana biyu haƙuri ya fara ƙarewa. Sababbin shiga ma ba su san an yi mutuwa ba. "Garzali ya kurumce ne?" "Rana ta gasa bawan Allah a ƙofar gida." "In ba za a ƙarasa ba a faɗa mana mu kama gabanmu." Ran da wata ta rubuta cewa marubutan yanzu duk yanga ce, Kezia ta kasa daurewa. Ta rubuta musu komai: tabarmar, burabiskon, gurbin da ake bari.

Da labari ya kai wa Falmata, ta je ta same ta tana wanki a tsakar gida.

"Kezia, wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"Kin tona ni a gaban mata sama da ɗari. Yanzu kowa ya san ba ni ke rubutawa ba."

"Ke kike rubutawa. Shi rabin baki ya ba ki." Ta matse zanen da ke hannunta. "Ki zage ni, na yarda. Amma kafin nan ki buɗe wayarki. Tun safe take kuka, ni kaina na gaji."

Saƙonnin murya ne, sun fi a ƙirga. Falmata ta koma ɗaki ta danna na farko. Wata mata ce, Hausarta da nauyin Kanuri, ana jin kukan yara a bayanta. "Ya Falmata, wushe, sannu. Ni ma nawa shekara bakwai ke nan da rasuwa. In ya dawo daga gona na yi fushi, haka yake cewa." Sai ta kumbura murya kamar ta namiji: "Ke, wannan fuskar ta siyarwa ce ko ta gida?" Ta yi dariya, dariyar ta karye, saƙon ya yanke.

Ta biyu 'yar Gwoza ce, sunanta Phebe, mijinta mai wa'azi ne a coci. "Nawa ba ya ba da haƙuri da baki. Sai dai ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, 'Maman yara, akwai aikin da zan kama miki?' Alhali ko albasa bai iya yankawa ba."

Wata ta yi muryar soja. Wata ta yi ta mai shayi. Wata ta ce nata ba a ga gawarsa ba, don haka ba ta san ko ya halatta ta kwaikwaye shi ba, amma ga abin da yake cewa. Wata kuma ta ce, "Na zo in yi miki muryarsa, wallahi na neme ta na rasa. Tarinsa kawai nake tunawa."

Shekaru Falmata tana rubuta wa matan nan, tana zaton 'yan mata ne masu mafarkin aure. Ba ta taɓa tambayar su waye ba.

Ba ta rubuta komai a ranar ba, ko washegari. Ta dinga saurare tana daka turare, tana maimaita maganganun a bakinta, tana jin wanne zai zauna a bakin Garzali, wanne ba zai zauna ba. Wannan aikin ba wanda zai yi mata shi. Mazan da yawa, kowa da halinsa, ita ce za ta ɗinke su su zama mutum ɗaya. Abin da ya ba ta mamaki shi ne ta iya.

Ran wata Asabar da hantsi shafin ya fita. Najiba ta ce, "Me ya dawo da kai?" Garzali ya dube ta ya ce, "Wucewa nake, na ji kamar ana fushi da ni a gidan nan, na ce bari in tsaya a yi a gabana." Sai ya yi tari, ya nemi ruwa.

Guruf ya kacame. "Wannan mijina ne!" "Ina! Nawa ne, har tarin." Mata biyu suka yi ta musu sai da Kezia ta yi barazanar korar su duka.

Yanzu Falmata tana kan littafi na takwas. Gwaggonta ta daina zuwa gidan. Saƙonnin murya ba su daina shigowa ba, domin garin bai daina samar da masu aikowa ba. Kwanakin baya Kezia ta tambaye ta me ya sa a cikin sababbin samarin babu mai magana irin ta Kashim.

Falmata ta ci gaba da bugawa, ba ta ɗago ba.

"Na gwada," ta ce. "In na kira muryarsa, ta mijin wata ke zuwa."