Ƙaramar Ƙofar da Yaya Nura Ya Bari

A Jiwa aka raine ni, a gidan kakata ta wajen uba, wadda kowa ke kira Iya Dije. Lokacin Abuja tana ta cin daji tana nufo mu. Da yamma tifofi na wucewa da yashi, fitilun sababbin gidajen Gwarinpa kuma suna ƙaruwa kamar ana shuka su. Mu dai namu hasken na murhu ne. In an idar da magariba aka ci tuwo, Iya ba ta barin wutar ta mutu. Sai ta tura itace ɗaya, ta jera masara a gefen garwashi, ta miƙe ƙafarta mai ciwo a kan tabarma. Mu jikoki shida ne. Babbanmu Yaya Nura, ɗan Goggo Asabe ƙanwar babana, shi ke juya masarar, shi ke rabawa, kuma kullum wadda ta fi gasuwa tasa ce.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Ga baƙuwa a bakin zaure, wa zai yi mata shimfiɗa?" Mu haɗa baki mu ce, "Mun shimfiɗa, ta shigo."

Tatsuniyoyinta ba sa ƙarewa da sulhu. Duk wanda ya cuci wani a cikinsu sai ya ɗanɗana, kuma in ta zo daidai wurin, muryarta har wani zaƙi take yi. Wadda muka fi roƙo ita ce ta magini Tanko.

Wai a wani gari an yi magini wanda babu kamarsa wajen gina rumbu. Rumbunsa ruwa ba ya shiga, gara ba ta ci. Amma a gindin kowane ɗaya, ta baya, yakan bar rami daidai shigar hannu, ya toshe da curin ƙasa, ya yaɓe. In an zuba dawa, sai ya riƙa zagayawa yana ɗiba kaɗan-kaɗan. Mutane suka yi ta zargin ɓeraye, wasu suka zargi matansu. Wata mata mai suna Laraba, wadda mijinta ya rasu ya bar mata rumbu ɗaya, ta lura kajinta kullum a bayan rumbun suke kiwo. Ta durƙusa ta laluba har curin ya motsa.

A nan Iya takan tsaya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kuna tsammanin ta toshe? Ta toshe ya koma rumbun wani? Ina!"

Laraba ta kwashe dawarta ta kai ɗaka. Ta yini tana ɗaga duwatsu a bakin rafi har ta tara kunamu cikin ƙaramar tukunya, ta kafa bakin tukunyar a ramin ta ciki, ta mayar da curin. Ranar kasuwa aka ga Tanko da hannu a kumbure ya naɗe da tsumma. Laraba ta tare shi a tsakiyar mutane ta ce, "Magini, zo ka nuna wa jama'a inda ka samo wannan ciwo, ko ni in nuna musu."

Na taɓa tambayarta, "Iya, daga baya ta yafe masa?"

Ta ce, "Ta yafe me? Dawar da ya ci ya dawo da ita ne? Juya masarar nan, Nura, tana ƙonewa."

Shekaru sun tura. Iya ta rasu ina makarantar koyon kwamfuta. Kafin rasuwarta na ɗauke ta a kaset har guda huɗu tana ba ƙananan jikoki tatsuniya, daga baya na juye muryar a kwamfuta, kaset ɗin kuma danshi ya lalata su. Da na gama karatu na buɗe shagon ɗaukar hoton biki a Gwarinpa, Yaya Nura ya zo muna yi tare. Hotuna da bidiyo suka yi mana yawa, sai na haɗa babbar kwamfutar ajiya, wato saba, na ajiye ta a ɗakina. Komai nawa na zuba a ciki, har da muryar Iya.

Madabod ɗin da na saya, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, na hannu ne, amma yana da wani abu da na daɗe ina so. Bayan kafofi biyu na soka wayar intanet da aka saba gani, akwai ta uku a ware. Wannan kafar tana da nata ɗan ƙaramin cif, wato 'yar ƙwaƙwalwar na'ura, da ba ya barci ko da an kashe kwamfutar, muddin akwai wuta a jikinta. Ta nan mutum zai iya kunna sabar, ya kashe ta, ya ga abin da ke kan sikirin, ya yi rubutu kamar yana zaune a gabanta, alhali yana wani gari.

Yini biyu muka yi muna fama. Na shiga saitin madabod na ba kafar lambar adireshi tsayayya, na buga lambar a burauza, shiru. Ashe wayar a kafa ta biyu na soka ta. Da na gyara, shafin ya buɗe, amma in na danna wurin kallon sikirin sai baƙi ƙirin. Yaya Nura ne ya gano manhajar da ke cikin cif ɗin ta tsufa. Ya sauko da sabuwa ya ɗora, muka zauna babu mai motsi muna addu'ar kada a ɗauke wuta. Da ta gama, hoton ya fito tar. Ya canza kalmar sirrin da kamfani ya sa, ya miƙo mini sabuwar a takarda, ya buɗe hanya a rauta, na'urar da ke raba intanet, don in riƙa shiga daga waje. Sati na zagayowa ina Kano wajen biki sabar ta maƙale, na tayar da ita daga wayata. Na kira shi ina ta godiya.

Abin da ya raba mu hotunan wata amarya ne. Mijinta ya ce kada a sa su a ko'ina, Yaya Nura ya ɗora a shafinsa don talla. Mijin ya zo shago ya wanke ni tas. Ni kuma, a gaban ma'aikata, na ce, "Yaya, ajiye makullin shagon." Ya ajiye, ya fita.

Bayan wata ɗaya sabar ta fara mutuwa da kanta da rana tsaka. Na zargi inbata mai ba ta wuta, na canza batir. Na zargi zafi, na ƙara fanka. Wata ranar Laraba na dawo daga aiki na tarar da ita a kunne, amma faifan ajiyar fayau, an share shi tun daga tushe. Aikin mutane ina da kwafinsa a shago. Muryar Iya kuwa a nan kaɗai take. Na kai faifan wurin masu ceto bayanai, suka ce an rubuta wani abu a kansa sau da yawa, babu abin da zai dawo.

Sai a ranar na buɗe shafin kafa ta uku na bi jerin masu izinin shiga. Suna biyu na gani: nawa, da wani da aka rubuta "gyara". Rajistar ta nuna mai wannan suna ya shigo daga waje a duk ranar da sabar ta mutu.

Hannuna yana kan maɓallin goge sunan, sai na janye shi. Na bar komai yadda yake. Na sa wani tsohon faifai, na zuba masa hotunan shagona da babu kowa a ciki, na raɗa wa jakar suna "Bikin 'yar babban mutum, sirri". Na jona sikirin a jikin sabar, na kafa kyamara a gabansa. Sannan na faɗa wa wani ma'aikacina mai sakin baki cewa mun samu aikin da ba a so kowa ya gani.

Kwana tara kyamarar tana ɗaukar sikirin da babu motsi. A na goma, da hantsi, kibiyar da ke kan sikirin ta fara yawo da kanta. Ina tsaye a bayan kyamarar ina kallo aka buɗe jakar, aka buɗe burauza, aka shiga wani akwatin ajiya na intanet don kwashe hotunan. A saman shafin ga cikakken sunan Yaya Nura, ga hotonsa da hular da na saya masa. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba.

Na jira Sallah, ranar da dangi ke taruwa a Jiwa. Bayan an ci abinci na ce ina da bidiyon da zan nuna. Na jona a talabijin ɗin baffanmu, na yi bayani a taƙaice yadda tsofaffi za su gane: akwai ƙofa, na ba shi amanar kafa ta, ya yanka wa kansa makulli. Bidiyon ya yi ta tafiya har sunan Yaya Nura ya fito.

Ya miƙe ya ce, "Ke kika fara wulaƙanta ni a gaban yara. Kuma hotunan biki ne kawai, na san kina da kwafi."

Na ce, "Na hotuna ina da shi, Yaya. Na kaset ɗin Iya guda huɗu ne ba ni da shi."

Ya koma ya zauna a hannun kujera. Ashe bai san suna ciki ba. Baffa ya ce masa ya fita, ya fita ko takalmi bai saka daidai ba.

Goggo Asabe ta biyo ni har mota. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ni ma uwata ce, Hadiza, ni ma muryar na rasa. Amma me ya hana ki zo ɗakina ki nuna mini ni kaɗai?" Gaskiyar ita ce so nake kowa ya gani.

Ina yarinya na ɗauka darasin Iya shi ne mutum ya riƙa zagaya bayan kayansa yana dubawa, kuma wannan na koye shi: yanzu duk na'urar da wani ya taya ni kafawa, sai na bi sunayen masu shiga da idona. Da na girma na gane ba tsaro take koya mana ba, ramuwa take koya mana, da haƙurin jiran lokacinta. Abin da ba ta taɓa faɗa mana ba shi ne yadda zaman garin ya kasance washegari, musamman in wanda aka kunyata ɗan gida ne.

Shekara uku ke nan bai taka Jiwa ranar Sallah ba. Bara matarsa ta haihu, ba a gayyace ni suna ba, wani can aka ɗauko ya yi musu hoto. Na ga hotunan a wayar ƙanwata. Duk sun yi duhu, an yanke kan mai jego a guda biyu. Na daɗe ina kallon fuskar jaririyar, sannan na sake bin hotunan ɗaya bayan ɗaya ina jin daɗin muninsu. Allah ya yafe mini.